TARON DANGI A GIDAN HAYA: WA MUKA BARI A BAYA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.



Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san cewa gidajenmu a rabe suke: rabi yana nan, rabi yana kan hanya. Daga Allakaye da Tama da Karofan, zuwa Keita da Tamaske da Madawa, da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗa a Abijan, ko Libiya, ko Tamanraset, ko Kano, ko Legas, ko Yamai. A dā ɗan ci-rani yakan tafi bayan kaka, ya dawo kafin ruwan shuka. Yanzu da yawa sun ɗauki iyali sun zauna can, an haifi yaran da ba su taɓa ganin rumbun kakansu ba. Wasu ba su dawo ba sai da wuta ta kore su, kamar yadda ya faru a rikicin Kodebuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011, da yaƙin Libiya na 2011.

Wannan warwatsuwa ce ta haifar da abin da ake kira taron zumunta: zuriyar kaka ɗaya su sa rana, su haɗu kwana biyu ko uku. Da yake tsohon gidan gado ba ya ɗaukar kowa, sai dabaru suka shigo. Wasu suna aron gidan siminti na ɗan'uwan da ya gina ya kulle ya koma ci-rani. Wasu kuwa suna kama hayar gida mai kaya a ciki na ƴan kwanaki, a Tawa ko Maraɗi ko Yamai, inda akwai wuta da famfo.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kama gidan haya domin taron dangi halal ne, yana ma iya zama aikin lada babba. Amma mafi cancantar wurin taro shi ne inda tsofaffi da marasa ƙarfi suke. Duk taron da kuɗin mota da kuɗin haya suka zama ƙofar shigarsa, to ya fara yanke abin da aka kira shi domin a sadar.

*ZUMUNTA FARILLA CE, TARO HANYA CE*

A ayar farko ta Suratun Nisa'i Allah Maɗaukaki ya haɗa umarnin jin tsoronSa da kiyaye zumunta. A Suratu Muhammad, aya ta 22 da 23, ya jera yanke zumunta tare da ɓarna a bayan ƙasa, ya ambaci la'ana a kan masu yin haka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A) cewa sada zumunta sanadi ne na yalwar arziki da albarkar kwana. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala da ake karantarwa a zaurukanmu, ya lissafa ta cikin abubuwan da suka wajaba a kan mumini.

Shari'a ba ta ɗaure wannan farilla da siffa ɗaya ba. Akwai wanda zumuntarsa ziyara ce, akwai wanda tasa tiya biyar ce ta hatsi a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, akwai wanda tasa kiran waya ce daga nesa. Taro ɗaya ne daga cikin waɗannan hanyoyi, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi.

Saboda haka ban yarda da masu cewa taron dangi a gidan haya bidi'a ne ko kwaikwayon Turawa ba. Ba ibada ce mai ƙayyadadden lokaci aka ƙirƙiro ba. Al'ada ce, kuma asalin al'adu halacci ne muddin ba su ci karo da nassi ba. Hayar gida kuwa ciniki ne sananne a littattafan fiƙihu. Har ma aya ta 61 a Suratun Nur ta ɗauke ƙunci daga cin abinci a gidajen iyaye da ƴan'uwa da baffanni da gwaggwanni da kawunnai, a tare ko a rarrabe. Wanda ya tara jikokin mutum ɗaya suka san juna, har yaron da aka haifa a Abijan ya gane gwaggonsa ta Allakaye, ya yi aikin kirki.

Sai dai halaccin abu bai isa ya nuna cewa an yi shi yadda ya kamata ba.

*WA KE IYA ZUWA?*

A duba yadda shawarar take gudana. Ana yin ta ne a zauren WhatsApp na dangi. Masu magana a ciki su ne masu babbar waya da kuɗin sayen data: ma'aikata, ƴan kasuwa, ƴan ci-ranin da Allah ya buɗa wa. Su ne za su ce a haɗu a birni, su ne za su yanka abin da kowane gida zai bayar. Tsohuwar da ta yi renon rabinsu ba ta cikin zauren. Bazawarar ɗan'uwansu mai marayu huɗu ba ta ciki. Manomin da bai bar ƙauye ba, wanda shi ke riƙe da gonar gado kuma shi ke kai gawar dangi makwanci, sai dai ya ji labari.

A ɗauka, a misali, an ce kowane magidanci ya kawo jaka ashirin. Ga mai albashi wannan abu ne mai sauƙi. Ga wanda ke auna hatsi da tiya a watan Yuli, kuɗin abincin makonni ne, ban da kuɗin motar iyali zuwa da dawowa, ban da wanda zai bar wa awaki da gona. Ba zai ce ba shi da shi ba, domin talaka yana da kunya. Zai ce aiki ya yi masa yawa. Sai a yi taro, a ci, a sha, a ɗauki hotuna, a aiko masa ya gani a wayar maƙwabci.

Annabi (S.A.W) ya siffanta abincin walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta da cewa shi ne mafi sharrin abinci, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim ta hanyar Abu Huraira (R.A). Idan haka ne game da matalautan gari, yaya matalautan jininka? A hadisin Abdullahi ɗan Amru (R.A) da Bukhari ya kawo, an bayyana cewa mai sada zumunta na gaskiya shi ne wanda ke sadarwa ko an yanke masa, ba mai rama ziyara da ziyara ba. Taron da ya tara masu hali kawai, kowa ya kawo kowa ya ci, ramuwa ce tsakanin tsara.

Shi ya sa nake ganin ƙafar mai ƙarfi ce ya kamata ta taka zuwa wurin mai rauni. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar saurayi ta fi ta tsoho sauƙin ɗagawa. Wanda ya iya ƙetare Sahara domin neman abinci ba zai kasa hawa dutsen Adar domin gaida gwaggonsa ba.

Na san hujjojin ɗaya ɓangaren, kuma ba na raina su. Za a ce ƙauye ba wurin kwana, ruwa yana wuya musamman da bazara, yaran birni ba su saba ba, wasu hanyoyin ba a bin su da dare, hutun ma'aikaci kuma gajere ne. Duk gaskiya ne. Amma a lissafa: kuɗin da za a biya na hayar kwana uku a birni, da a ce an kawo shi gida, zai sayi tabarmin Madawa masu yawa, ya kafa rumfa, ya biya amalanken ruwa, ya gyara makewayi. Baƙi za su tafi, rumfar da makewayin su zauna wa mutanen gida. Kuɗin haya kuwa ya tafi ke nan.

Inda uzuri ya tabbata, kamar a ce tsofaffin da kansu sun koma birni, ko akwai mara lafiyar da ba ya nisa da asibiti, ko hanya ba ta da aminci, to a kama gidan haya babu laifi. Sharaɗina ɗaya ne: abu na farko da za a rubuta a takardar kashe kuɗi shi ne kuɗin motar waɗanda ba su da shi. Kafin rago, kafin lemo, kafin anko. Idan kuɗin bai kai a kawo su ba, to bai kai a yi taron a can ba.

*YADDA ZA A HAƊA KUƊI*

Muna da kyakkyawan misali a Sunna. Abu Musa (R.A) ya ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa mutanen ƙabilar Ash'ari idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya, sannan su raba daidai da mudu ɗaya. Annabi (S.A.W) ya yabe su har ya danganta kansa da su. A lura: wurin kawowa ba daidai suke ba, wurin rabawa ne suke daidai. Mu kuwa mun juya abin: muna yanka wa kowa daidai wurin kawowa, sannan wanda ya fi bayarwa ya fi kowa murya.

Abin da ya dace shi ne kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, a hannun amintacce ɗaya ko biyu. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai albasa ya kawo buhu, mai wake ya kawo wake, mai ƙarfin jiki ya ɗauki aikin itace da ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a jera sunaye da adadi a zauren waya, domin wannan yana kunyata mara shi, yana kuma jefa mai shi cikin riya. A ba da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a dunƙule, wannan ya wadatar.

Mai bayarwa da yawa ya yi murna. Hadisin Salmanu ɗan Amir (R.A) da Tirmizi da Nasa'i suka kawo ya nuna cewa sadaka ga ɗan'uwa lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunta. Lokacin da Abu Ɗalha (R.A) ya so ya ba da gonarsa Bairuha'u, wadda ya fi so cikin dukiyarsa, Annabi (S.A.W) ya shawarce shi ya sanya ta cikin danginsa.

Sannan a kiyayi almubazzaranci. Abin lura ne cewa a Suratul Isra'i, aya ta 26, umarnin ba ɗan'uwa haƙƙinsa da hani ga almubazzaranci a aya ɗaya suka zo. Anko da ake tilasta wa mata, abincin da ake zubarwa da safe, cin bashi domin kada a ce gidan wane sun gaza: babu ɗaya daga cikinsu da yake zumunta. Fura da tuwon hatsi da aka ci cikin sakin fuska sun fi naman da aka ci ana ƙirga wanda bai biya ba.

*HAƘƘIN MAI GIDA DA MAƘWABTA*

Idan an yanke shawarar kama haya, to an shiga ƙulla yarjejeniya, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alkawura. Malamai sun shardanta a san kuɗin, a san tsawon lokacin, a san amfanin da za a yi da gidan.

A nan ne mutanen kirki da yawa suke faɗawa cikin ƙarya ba su ɗauke ta komai ba. Za a ce wa mai gida mutum goma ne za su kwana, sai a shigo da hamsin. Za a ce hutawa za a yi, sai a kafa tukwane a tsakar gida a yanka dabba. Wannan ha'inci ne, ko da an biya kuɗin cif. Mai gida ya yanka farashi ne bisa abin da aka faɗa masa. Mutum hamsin ba su shan ruwan mutum goma, ramin makewayi ma ya san bambanci. A faɗa masa gaskiya: mu kaza ne, da yara kaza, za mu yi girki, za mu yi kwana kaza. In ya yarda, madalla. In ya ƙara kuɗi, haƙƙinsa ne. In ya ƙi, a nemi wani. Wannan damuwa ta masu gidaje ba a ƙasarmu kawai take ba: kamfanin Airbnb, mai haɗa masu gidaje da ƴan hayar kwanaki a duniya, ya hana yin shagali a gidajen da ke ƙarƙashinsa a 2020, ya mayar da hanin na dindindin a 2022.

A fiƙihu ɗan haya amintacce ne: ba ya biyan abin da ya lalace da kansa, amma yana biyan abin da ya lalace ta hanyar ƙetare iyaka ko sakaci. Shigo da mutanen da suka wuce adadin da aka yi magana ƙetare iyaka ne. Barin yara su yi zane a bango ko su karya famfo sakaci ne. Ya kamata a zagaya gidan tare da mai shi ranar shiga da ranar fita, abin da aka fasa a faɗa a biya, kada a tura shi ƙarƙashin gado.

Akwai kuma mas'alar kafin alƙalami. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya hana nau'in da ake cewa in an fasa kuɗin ya zama na mai kaya, kuma ya ambaci haya a cikin bayaninsa. Hambaliyya sun halatta. Mafita ga mai bin mazhabar Malik ita ce a yi magana tun farko cewa abin da aka bayar ɓangare ne na kuɗin haya, a kuma fayyace abin da zai faru in wani uzuri ya hana zuwa, a rubuta, a sa shaidu.

Gidan aro ma haka yake, ya ma fi nauyi, domin mai shi kyauta ya yi. A nemi izininsa da bakinsa, ba a karɓi mabuɗi a hannun ƙaninsa kawai ba. Ɗakin da ya kulle a bar shi a kulle.

Maƙwabtan gidan kuwa suna da haƙƙi ko da zaman kwana uku ne. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa. Kada a tare musu ƙofa da motoci, kada a kwana ana kiɗa da lasifika, kada a bar musu tulin shara. A aika musu da abin da aka dafa. Kafin a kwanta a kashe gawayin shayi da murhu da gas, Abu Musa (R.A) ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, Annabi (S.A.W) ya yi umarni a riƙa kashe wuta lokacin barci.

*ƊAN'UWA BA KULLUM NE MUHARRAMI BA*

Tsohon gidan Bahaushe an gina shi da hikima: zaure, sannan shigifa, sannan cikin gida, kowane sashe da iyakarsa. Gidan haya na zamani falo ɗaya ne, ɗakuna suna kallon juna, makewayi ɗaya ko biyu. Idan aka zuba mutum arba'in a ciki ba tare da tsari ba, abin da ginin gargajiya yake karewa sai ya tone.

Aya ta 31 a Suratun Nur ta lissafa waɗanda mace za ta iya bayyana adonta a gabansu. Ɗan baffa, ɗan gwaggo, ɗan kawu da ɗan inna ba sa ciki, domin aure ya halatta tsakaninsu. Mijin yaya ko na ƙanwa ba ya ciki. Ƙanin miji da wan miji ba sa ciki, hadisin Uƙbatu ɗan Amir (R.A) a Bukhari da Muslim ya kamanta shigar ɗan'uwan miji wurin mace da mutuwa. Wasan taubasai da muka gada yana da daɗi, yana kuma narkar da ƙiyayya, amma ya tsaya a fatar baki mai tsabta. Ba ya halatta kama hannu, ko keɓewa, ko shiga ɗaki ba sallama.

Saboda haka a raba wurin kwana tun kafin a iso: mata da ƙananan yara a ɓangare, maza a ɓangare, samari ma su iya kwana a rumfa. Hadisin da Abu Dawuda ya kawo ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma. Iyaye su san inda ƴaƴansu suke kwana da wanda suke kwana tare da shi. Kalmar "ai duk gida ne" ta sha rufe ido daga cutarwar da ake yi wa yara, kuma kunyar dangi ce ke sa a binne maganar. A kuma koya wa yara lokuta uku na neman izini da aya ta 58 a Suratun Nur ta ambata: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin da ake sassauta tufafi, da bayan sallar Isha'i.

Wayar hannu ma a yi mata linzami. Matar da ke zaune cikin ƴan'uwanta mata ba mayafi ba ta ba kowa izinin ya sa ta a Facebook ko TikTok ba. Hoton da ya fita ba ya dawowa.

Kada kuma taron ya zama hutu ga maza, azaba ga mata. Sau da yawa matan gida da surukai ne ke tsaye a bakin murhu daga Asuba zuwa dare, ba su zauna da kowa ba har a watse. A raba aiki, samari su ɗauki ruwa da wanke-wanke da shara, ko a ɗauki masu girki a biya su. A'isha (R.A) ta ba da labarin cewa Annabi (S.A.W) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida.

*SALLAR MATAFIYA A WURIN TARO*

Tambayar da ke yawan tasowa ita ce ta ƙasaru. A mazhabar Malik, tafiyar da ake rage salla a cikinta ita ce ta mil 48, wato kimanin kilomita 80. Wanda ya taso daga Yamai ko Kano ko Abijan ya cika wannan. Wanda ya taso daga ƙauyen da ke kusa bai cika ba.

Idan matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, wato salloli ashirin, zai cika salla tun daga isowarsa, Juma'a ma ta hau kansa. Idan zamansa bai kai haka ba, zai yi raka'a biyu a Azahar da La'asar da Isha'i. Amma wanda ya shigo garinsu da bai yi niyyar barinsa har abada ba, ko garin da matarsa take zaune, hukuncin tafiya ya yanke, zai cika ko kwana ɗaya zai yi. A nan hukunci yana iya bambanta tsakanin taron da aka yi a Allakaye da wanda aka yi a gidan haya a Tawa: ɗan ci-ranin da iyalinsa ke gida mazauni ne a na farko, matafiyi ne a na biyu. Matafiyin da ya bi liman mazauni zai cika tare da shi. Mazaunin da ya bi matafiyi zai tashi ya cika bayan sallama.

Tun ranar isowa a tambayi alƙibla, a san masallaci mafi kusa. Hirar dare kada ta cinye Asuba. Inda ruwa ke wuya a tuna cewa Annabi (S.A.W) yakan yi alwala da mudun Annabi ɗaya, kamar yadda Anas (R.A) ya ruwaito.

*KADA A WATSE BA A TAƁA MAGANA BIYU BA*

Ta farko sulhu ce. Kusan kowane babban gida yana da mutum biyu da ba sa ga-maciji. Muslim ya ruwaito cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa wanda ba ya shirka, sai masu gaba da juna, a ce a jinkirta musu har su shirya. Dattawa su keɓe da su, ba a gaban jama'a ba. Wanda aka ɓata wa ya tuna Abubakar (R.A): Misɗahu ɗan'uwansa ne da yake ciyarwa, ya shiga cikin masu yaɗa ƙage ga A'isha (R.A), Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Da aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana kira ga yafiya, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi.

Ta biyu gado ne. Gonaki da garake da yawa a yankinmu suna nan ba a raba ba shekara da shekaru, wai don kada a ɓata zumunta, alhali rashin rabawar ne ke ɓata ta. Na gida yana ganin shi ya wahala a kanta, na waje yana ganin an cinye masa, ƴaƴa mata kuwa an ce su yi haƙuri. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa maza rabo, ta tabbatar wa mata rabo, ko dukiyar kaɗan ce ko mai yawa. Ranar da magada suka haɗu wuri ɗaya dama ce da ba ta samuwa kullum. A kira malamin da ya san ilimin rabon gado, a sa mai gari a ciki, a rubuta. Dokar ƙasar noma ta Nijar ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye da ake kira Cofo, inda ake iya tabbatar da irin wannan takarda. Wannan ma wani dalili ne na fifita yin taro a gida: gonar tana nan, iyakokinta suna nan, shaidun da suka san tarihinta suna nan.

Daga nan a lissafa marayun dangi, da ɗaliban da ke buƙatar tallafi, da marasa lafiya, a ɗora wa kowane mai hali wanda zai riƙa dubawa har shekara ta zagayo. Abin da ya rage na kuɗin taro a fara da su.

Ya ku masu shirya taron bana, kafin ku tura wa mai gida kafin alƙalami, ku ɗauki takarda ku rubuta sunayen zuriyar kakanku gaba ɗaya. Ku sa alama a kan waɗanda ba za su iya zuwa ba, ku tambayi kanku dalili. In tsufa ne, ku je inda suke. In rashin kuɗi ne, ku biya musu cikin sirri. In fushi ne, ku aika dattijo tun yanzu.

Allah ya haɗa kawunan danginmu, ya mayar da matafiyanmu gida lafiya, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, ya ba mu damina mai albarka. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. A tura wa zauren dangi domin a amfana.